Damin da Haladu Na-Ikko Ya Ɗaga

A garinmu Gangaren Kuka, can tsakanin Roni da Gwiwa, ba a taɓa yin shugaban Kwamitin Gari da ake ba da labarinsa kamar Haladu Na-Ikko ba, alhali ko tabbatar da shi ba a kai ga yi ba.

Kwamitin nan ba wani babban abu ba ne. Tun kafin a sami mulkin kai dattawa ke zama a gindin tsamiyar bakin kasuwa, su shimfiɗa tabarmi, su yi maganar yashe rijiya da gyaran rumfuna da akuyar wane ta shiga gonar wane. Shugaba shi ne mai zama a kan wani tsohon buzu da gashinsa ya ƙare tun zamanin Turawa. Babban aikinsa sau ɗaya ne a shekara. Idan kaka ta yi, sai ya zaga gonaki ya tabbata kowa ya kwashe amfaninsa, sannan ya hau kukar kan tudu da kansa, ya ɗaura damin dawa a can ƙololuwa. Ba mai ɗaura damin nan sai shugaba, ba mai sauke shi sai shi. Fulanin da ke bayan duwatsu da zarar sun hango shi sun san an saki gona, sai su koro shanu su shigo cin kara.

Baba Kura ne ya daɗe a kan buzun. Babarbare ne mai sayar da kanwa, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Shekarar da aka yi sabon tsarin ƙananan hukumomi, gwiwoyinsa suka ce sun gama hawan kuka, ya ce a nemi wani. A shekarar ce kuma Haladu ya dawo gida.

Haladu ya bar gari tun yana ƙarami, ya daɗe a Ikko. Aikin da ya yi a can kuwa, ya danganta da ranar da ka tambaye shi. Yau shi ne mai kula da jiragen ruwa, gobe shi ne mai ba manyan 'yan kwangila shawara. Wani ɗan garinmu da ya kai shanu can ya ce ya gan shi yana gadin wani ɗakin ajiyar siminti, Haladu ya ce ai ranar hutunsa ce, taya wani yake yi. Ya dawo da jan babur da tabarau da mata mai haƙuri, Saude, da kuma kalmar “tsari” wadda ba ta barin bakinsa. Ya bi dattawa gida-gida yana ce musu kuɗin mai na ta zuba a ƙasar nan, garin da ba shi da shugaba mai ido a buɗe ko ɗigo ba zai gani ba. Ya dame su har suka ce to, a ba shi riƙo. In an gama kaka, babban ma'aikaci zai zo daga Kazaure, in dattawa sun gamsu a tabbatar da shi a gaban jama'a. Wannan tabbatarwar ita ce Haladu ke kwana da ita yake tashi da ita.

Ranar miƙa aiki, Baba Kura ya zaunar da shi a gindin tsamiya.

“Haladu, abubuwan ba su da yawa. Rijiyar masallaci ana yashe ta kafin...”

“Na sani, Baba.”

“Dabbar da aka kama a gonar wani, a turken kwamiti ake ɗaure ta. Ciyar da ita kuma...”

“Baba, ni da na ciyar da ma'aikatan tashar jirgin ruwa? Ku wuce gaba.”

“To, sai dami. Ranar da ka ɗaga shi, gonar da shanu ke fara...”

“Baba, ku huta haka nan. Dami kuma a wannan zamanin? Mutane sun je wata sun dawo.”

Baba Kura ya dube shi, ya dubi dattawa, ya muskuta ya zare buzun ya miƙa masa. Haladu ya karɓa da yatsu biyu, ya juya shi, ya ce zai yi daidai da sirdin babur. Nan take ya ɗaure shi a can.

Abu na farko, ya hana zaman tabarma. Ya je Kano ya yo lodin kujerun ƙarfe da tebur, shi kuma ya sayo wa kansa kujera mai juyawa irin ta manyan ofisoshi. Gindin tsamiyar nan yashi ne. Sarkin Fawa, wanda Allah ya yi wa jiki, yana zama ƙafafun kujerarsa na baya suka nutse, ya tafi a hankali kamar rana za ta faɗi, har ya kwanta rigingine yana kallon 'ya'yan tsamiya. Sauran dattawa da suka ga haka, sai suka sauko ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suka ɗora takalmansu a kan kujerun.

Haladu bai kula ba, ya fara jawabi. Sai dai wurin gangare ne, kujerar kuma ba ta da birki. Ya ce kalma biyu ta juya shi, ya tokare da ƙafa ya dawo, ya ce kalma biyu ta sake juya shi. Da zancen ya yi daɗi ya manta da tokarewa, sai ya ƙarasa bayanin tsari gaba ɗaya yana fuskantar kasuwa, ya ba dattawa baya. A gabansa ba kowa sai Adda, Bafulatanar da ke sayar da nono a bakin tsamiya tun ba a haife shi ba.

“Shugaba, da ni kake?” in ji Adda. “Ni dai ba na cikin kwamiti. In nono kake so, miƙo ƙwarya.”

“Adda, maganar ci gaba ake yi.”

“Na gani. Tun ɗazu kake ta juyawa, ban ga ka ci gaba ba.”

Abu na biyu, ya sallami mai shela, ya ɗaura lasifika a bayan babur. Ranar kasuwa ya shigo tsakiyar jama'a ya buɗe ta. Jakunan da ke ɗaure a bayan rumfar 'yan hatsi ba su taɓa jin irin wannan muryar ba, suka tsinke igiya suka bi ta kan tukwanen sayarwa. Da ƙura ta lafa, Haladu ya ce kun gani ko, rashin tsari ke nan, dabbobi na yawo yadda suka ga dama. Ya kafa doka a nan take: duk dabbar da aka gani a sake, ko a gona ko a lungu, a kai ta turken kwamiti. Turken ma ya ce a mayar da shi bayan gidansa don ya riƙa sa ido.

Mutanen garinmu suka kalli juna. Kowa ya san abin da Haladu bai tsaya ya ji ba: dabbar da ke turken kwamiti, gidan shugaba ke ciyar da ita har mai ita ya zo. Ga shi lokacin kaka, kowa ya gaji da yanko wa awakinsa ciyawa bayan ya dawo daga gona. Washegari aka tashi lunguna cike da awaki, ba wadda ke da igiya a wuya. Kafin azahar bayan gidan Haladu ya zama kasuwar dabbobi. Wata tsohuwa, Tasalla, da kanta ta jawo wata jar akuya mai ciki.

“Shugaba, ga ta. A sake na gan ta.”

“Madalla, Iya, haka ake son 'yan ƙasa. Ta wa ce?”

“Tawa ce. Ba ta cin ciyawa zalla, sai an haɗa mata da dusa.”

Haladu ya hau babur ya zaga gari yana sanarwa kowa ya zo ya ɗauki dabbarsa. Duk wanda ya tare sai ya ce, “In sha Allahu, Shugaba, da an gama kaka.” Aikin ya faɗo a kan Saude. Dusarta ta ƙare, ƙaiƙayinta ya ƙare, wuni take tana jan ruwa tana watsa ciyawa. Awakin suka cinye zanar banɗaki, suka fara leƙen ɗakin girki.

Saude ba awakin ne suka fi damunta ba. Suna da gonar wake a gindin tudun kuka, ita ta tsaya a kanta tun shuka, a shekarar kuma waken ya yi kyan da har masu wucewa ke tsayawa kallo.

“Malam, waken nan ya bushe, har ya fara fashewa. Kowa na roron nasa.”

“Shugaba ba ya roron wake, Saude. Bari a gama biki, inji zan kawo daga Kano. Mota biyu za a cika.”

“To a sallami awakin nan in je da kaina.”

“In sallami doka? Ke ba ki san mulki ba.”

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Malam Muhammadu Lawal, ma'aikacin da zai tabbatar da shugaba, zai iso ranar Lahadi da hantsi. Haladu ya ce ba za a yi taron a gindin tsamiya kamar zaman makoki ba. Lokacin gwamnati na ta kiran a koma gona a rediyo, don haka zai nuna wa baƙo garin manoma. Ya sa aka kafa babbar rumfar zana a filin gindin tudu, daidai bakin burtalin da shanu ke bi, kusa da gonarsa don baƙo ya ga waken shugaba. Aka yi wa rumfar ado da zangarniyar gero da harawa ɗanya shar, har ƙofar shiga da kara aka yi ta. Ya ja da baya ya duba, ya ce saura tuta. Ya ɗaga kai ya ga kuka.

Ranar Asabar da safe ya saɓa damin dawa, ya ce wa masu kallo shi da ya saba hawa saman jirgin ruwa ana iska, kuka wasa ce. Hawan bai ba shi wuya ba, ya bi turakun da aka kakkafa a jikinta har sama, ya ɗaura damin ya ɗaɗɗaure. Sai da ya juyo ya dubi ƙasa ya ga mutane sun zama kamar kaji. Daga nan labari ya sake. Ya rungume reshe, ya daɗe yana addu'o'in da ba a san ya iya ba. Ya sauko turke ɗaya-ɗaya, ido a rufe, wandonsa ya bar rabinsa a hanya. Da ya taɓa ƙasa ya gyara tabarau ya ce iskar can sama ta yi masa daɗi ne shi ya sa ya daɗe.

Adda ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta tsaya a gabansa.

“Shugaba, ka san abin da ka yi kuwa? Ka saki gona.”

“Ado na yi.”

“Ardonmu bai san ado ba. In ya ga dami a kan kuka, gobe da hantsi shanu na nan. Hau ka sauke shi tun da sauran rana.”

Haladu ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar kukar. Ya dubi mutane ko wani zai ce bari in hau maka, amma kowa ya san ba mai taɓa damin sai shugaba.

“Wannan zamanin ya wuce, Adda. Yanzu da lasifika ake sanarwa.”

Ya tura babur bakin gari, ya juya lasifika wajen duwatsu, ya cika ƙirji. “Sanarwa ga Ardo da jama'arsa. Damin nan na ado ne. Kada a kawo shanu.” Duwatsun suka dawo masa da muryarsa, “shanu, shanu.”

“Kun ji ko?” in ji Haladu. “Sun amsa.”

Ya juyo bai ga kowa ba. Gari ya watse gona. Mai sauran wake, mai sauran gyaɗa, mai damman da bai kwaso ba, kowa ya kwashi iyalinsa da kwanduna. Wasu ma suka zo bayan gidansa suka kwance jakunansu, suka bar masa awakin. Saude ta same shi a rumfa yana gwada jawabi a gaban kujerun ƙarfe.

“Malam, don Allah mu je ko mu biyu ne. Abin da muka samu mu samu.”

“In baƙo ya zo ya ga gonar shugaba a share, me zai kalla? Ki je ki goge mini babbar riga.”

Ta tsaya tana dubansa, idonta ya kawo ruwa, don ta san wahalar da ta sha a kan waken nan. Sannan ta juya ta tafi, awaki na kiranta.

Ranar Lahadi Malam Muhammadu Lawal ya iso a motar hukuma, mutum mai tsafta, da farar riga da hula zanna. Jama'a suka cika fili, kowa ido ja don gajiya amma rai kwance, amfaninsu na gida. Dattawa suka zauna a ƙasa a gefen kujerunsu. Baba Kura ya zo yana dogara sanda, ya zaɓi wuri can nesa da bakin burtali, ya ce ya fi son inuwar wajen. Adda ma can ta kai ƙwaryarta.

“Kai Babarbare, yau tsoron shanunmu kake?” in ji ta.

“Ba shanunku nake tsoro ba, na san su. Zauna mu ga tsari.”

Haladu ya hau kujerarsa mai juyawa, wadda ya sa aka tokare da duwatsu, ya ɗauki lasifika. Ya fara da Ikko. Ya yi bayanin jiragen ruwa. Ya nuna gonarsa da hannu, ya ce ranka ya daɗe, wannan somin-taɓi ne. Yana cikin bayanin yadda zai kawo wa Gangaren Kuka famfo da lantarki da titin kwalta, sai baƙo ya daina kallonsa ya koma kallon bayansa.

Farar saniya ce ta fara leƙowa, mai manyan ƙaho. Ta shinshina ƙofar kara, ta ga abin ci ne, ta kama. Na bayanta suka turo. Kafin a ce me, burtali ya cika maƙil, shanu na gangarowa kamar ruwan kwari. Waɗansu suka tsaya a rumfa suna zare harawa, amma yawancinsu ko kallon taron ba su yi ba, kai tsaye suka miƙe gonar wake, makiyaya na gaba suna nuna musu hanya da sanda.

“A tsaya,” in ji Haladu ta lasifika. “Ana taro. Na ce a tsaya da sunan kwamiti.”

Shanun da ke cin rumfa suka firgita da ƙarar, suka yi ciki maimakon waje. Ginshiƙi ya tafi, zana ta rufto. Sarkin Fawa, wanda bai taɓa gudun saniya ba a rayuwarsa, ranar ya gwada. Baƙo ya tattare riga ya haye saman motarsa, hularsa ta faɗi wani maraƙi ya ɗauka yana tauna. Ƙarar ta kai bayan gidan Haladu, awakin turke suka ɓalle gaba ɗaya, suka iso fili jar akuyar Tasalla na gaba, suka ƙarasa abin da shanu suka rage na ado. Wani bijimi ya goga kafaɗa da kujerar shugaba, duwatsun tokare suka zame, kujera ta yi ta juya Haladu, yana ganin baƙo, yana ganin gonarsa, yana ganin baƙo, yana ganin gonarsa, kowane zagaye gonar na raguwa.

Da abin ya lafa, sai ga Ardo ya iso cikin natsuwa, malfa a ka, ɗauke da ƙwaryar man shanu kamar yadda aka saba kawo wa shugaba ranar sakin gona. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Haladu.

“Allah ya saka, Shugaba. Tun da muke, ba a taɓa sakar mana gona da wuri haka ba. Kuma ba a taɓa bar mana wake a tsaye ba. Shanu sun gode.”

“Wa ya ce ku shiga gonata?” in ji Haladu. “Duk gonakin garin nan ba ku ga ta shiga ba sai tawa? Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Ƙara nake kaiwa.”

Malam Muhammadu Lawal, daga saman mota, ya ce shi baƙo ne, a tambayi dattawa. Duk aka juya wajen Baba Kura. Tsohon ya taso a hankali, ya zo ya tsaya ya dogara sandarsa.

“Haladu, ranar nan na fara wata magana ka ce in huta. Bari in ƙarasa. Ranar da ka ɗaga dami, gonar da shanu ke fara shiga ita ce ta shugaba. Haka kakanninmu suka tsara, don kada shugaba ya saki gonar mutane alhali da sauran amfani a ciki.”

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, sai Adda.

Baƙo ya sauko ya tambayi dattawa ko sun gamsu da mai riƙo. Sarkin Fawa, yana haki, ya ce su dai a dawo musu da buzunsu tukuna, sa yi shawara a gindin tsamiya. Haladu ya je wajen babur a gaban kowa ya kwance buzun. Ya miƙa wa Baba Kura da hannu biyu wannan karon.

“Garin nan bai shirya wa irina ba,” ya ce, amma a hankali, ba ta lasifika ba.

Da la'asar, bayan shanu sun wuce gaba, aka hango shi shi kaɗai a gonar, da babbar riga, a sunkuye yana tsintar abin da kofato bai taka ba. Ya dawo gida da hularsa a hannu, waken ko rabinta bai kai ba. Saude na zaune a tsakar gida, gidan shiru ba kukan akuya ko ɗaya. Ya ajiye hular a gabanta, ya gyara murya.

“Kin ga takin da suka zuba kuwa? Baɗi ba gonar da za ta kama ƙafar tamu.”

Saude ta jawo hular ta leƙa ciki, ta girgiza ta waken ya yi ƙara.

“Shugaba,” ta ce, “a dafa duka ne, ko a bar na iri?”